Tsaunin Obudu: Daga Garken Shanu Zuwa Wurin Kallon Taurari

'Yan uwa fatake masu ratsa iyakar Kamaru da Nijeriya sun san sunan Obudu, a Jihar Kuros Riba. Turawa ne suka kafa garken shanu a kan tsaunin a 1951, domin tsayinsa ya haura mita 1,500, sanyin wurin kuma ba ya yi wa tsando daɗi, ga shi ko shi ne mai kawo sammore.

Daga baya sai wurin ya zama masaukin baƙi, har aka kafa masa keken igiya a 2005. Da rana baƙo ya shiga kurmin Becheve ya kalli tsuntsaye da itatuwa. Da dare kuwa, in hazo ya washe, sai ya ɗaga kai ya ga taurari rututu, tun da babu fitilun birni.

To, abin da ya dame mu shi ne, wannan ilimi ai namu ne tun kaka da kakanni. Iyayenmu da taurari suke kora dabba cikin dare. Sun san Gamzaki na asuba. Sun san in Kaza da 'ya'yanta ta ɓuya wajen watan Mayu, ta sake ɓullowa da asuba a watan Yuni, damina ta kama, sai a yi shirin barin fadama. Yau yaranmu sai waya, ran da caji ya ƙare a daji shi ke nan.

Don haka muna kira ga dattawan ƙungiya, duk zangon da aka yada, a zaunar da yara a nuna musu sama, kafin masu sanin su ƙare.