Lissafin da ya hana ni jana'izar kawuna

Da hantsi aka buga min waya daga Kumasi: Allah ya yi wa kawuna rasuwa, za a yi jana'iza bayan la'asar. Ina shagona a Nima, cikin Accra. Na yi lissafi a ka: tafiyar kimanin kilomita 250 ce, mota kuwa tana gudun 100 a awa, ke nan awa biyu da rabi. Sai na tsaya na sallami masu ciniki, muka bar tasha ƙarfe 11:30.

Ashe allurar da ke gaban direba gudun wannan lokacin kawai take nunawa. Kafin mu wuce Nsawam, cunkoso ya ci mana fiye da awa ɗaya. Mun tsaya cin abinci wajen Nkawkaw, ga manyan motoci a gabanmu har Konongo. Ƙarfe 5:30 muka shiga Kumasi. An riga an rufe shi.

Bayan sadakar uku, ƙanena da ke koyar da lissafi ya ce, "Yaya, dukan nisan za ka raba da dukan lokacin, har da tsaye-tsaye." Kilomita 250 a raba awa 6, kusan 42 ke nan a awa. Wannan shi ne matsakaicin gudu. Kafin in isa 3:30, sai mun riƙe 62 da rabi tun daga tasha, kuma hanyar nan ba ta cika bayar da haka ba.

Yanzu in tafiya ta kama, da 40 nake lissafi. Allah ya jiƙan Kawu.