Kula da Gashin Karen Fudil

Fudil kare ne mai nannaɗaɗɗen gashi, wanda mafarautan Jamus da Faransa suka riƙa sa shi ɗauko agwagwa daga ruwa. Gashinsa ba ya zuba kamar na karnukanmu. Wanda ya tsinke yakan maƙale cikin sauran, ya cukurkuɗe, ya ja fata, har kaska ta sami maɓoya. Haka ma yawancin barbarar yanyawar da aka samu daga gare shi.

Saboda haka a taje shi kullum, mataji ya kai har fata, musamman bayan kunnuwa da hammata. A tsefe shi kafin wanka, domin ruwa yana ƙara ƙulle gashin. A yi masa aski kowane mako 4 zuwa 6. In ƙulli ya yi tauri, a aske, kada a fizge. Rigakafi ya fi magani.