Banɗakin tafi-da-gidanka a cikin mota: abin da ya kamata ku sani

A Turai da Amurka akwai motocin da ake mayarwa ɗaki guda, da gado da murhu da ɗan banɗaki, iyali su yi makonni suna yawo a ciki. Mu a ƙasar Daura ba mu saba da wannan ba, amma lalurar da ta sa aka ƙera banɗakin tana nan tare da mu. Mai kai tsohuwa asibiti Katsina ko Kano ya san ta. Haka iyalin da suka cika Sharon ko Hiace suka taho Sallar Gani, da falken da ke kwana a mota daren kasuwar Lahadi ta Mai'aduwa, da direban da layi ya tsare a iyakar Kwangwalam. Ƙato mai lafiya ya ɗauki buta ya zaga bayan gona. Mai juna biyu da yaro da dattijo mai ciwon suga su ne ke shan wuya.

Zagawa dajin ma ba abin alfahari ba ne. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarnin hana bahaya a fili, kuma a 2022 aka ayyana maƙwabciyarmu Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta rabu da ɗabi'ar. Wanda ya ga kwalarar 2021 ya san dalili: abin da aka bari a bakin hanya da rani, ruwan sama ne ke kai shi rijiya da damina.

Wanne za a saya?

Iri uku ne. Na farko bokiti mai murfi da mazauni. A sa leda mai kauri a ciki, bayan kowane amfani a barbaɗa toka ko garin katako. Shi ne mafi araha, kuma babu abin da zai lalace a jikinsa, sai dai ba ya jure ruwa da yawa. Na biyu kujerar marasa lafiya mai fo a ƙasa, wadda masu sayar da kayan asibiti ke kawowa. Tana naɗewa, tana da madafa, ita ce ta dace da mai ciwon gwiwa. Na uku mai tanki biyu, irin Porta Potti na kamfanin Thetford: na sama ruwan kora, na ƙasa najasa, tsakaninsu wata ƙofa da ake ja a buɗe, a tura a rufe. Shi ya fi riƙe wari, shi ya fi tsada.

Buta ce ke yanke hukunci

Waɗanda suka ƙera mai tanki biyun da takarda suke tsarki, mu kuwa da ruwa. Don haka kada ku ruɗu da abin da aka rubuta a kwali na yawan shigar da tanki ke ɗauka. Tankin ƙasa yakan ɗauki lita 12 zuwa 21. Ku yi lissafin da kanku: in kowace shiga ta ci lita ɗaya da rabi da tsarki da kora, mutum huɗu su shiga sau uku-uku, lita 18 ke nan a yini ɗaya. Ƙaramin tanki ba zai kai ku magariba ba. Babban kuma in ya cika, nauyinsa ya kusa na jarkar mai ruwa, kuma da hannu za a ciccibe shi zuwa masai. Ku zaɓi wanda za ku iya ɗauka a cike. Kafin ku biya, ku zuba ruwa a tankin ƙasa, ku rufe, ku karkata shi. In ya yi ɗigo a shago, ku bar musu kayansu.

Inda za a ajiye shi

A ƙasa, a daidai, a can baya, a ɗaure da igiya ko a tokare shi cikin akwatin katako, don birki ɗaya ya isa ya kifar da shi. Kada ya haɗu da kular abinci, ruwan sha ko dardumar salla. A tanadi zani ko tamfol na yin shamaki, kuma in an sauke shi a fili a kauce wa fuskantar alƙibla ko ba ta baya.

Babban abokin gabarsa zafi ne. A watan Afrilu da Mayu zafin Daura kan wuce digiri 40, cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka nesa. Iska kan taru a tanki, in an ja ƙofar da murfi a buɗe sai ta yi wa mutum feshi. Ku rufe murfi tukuna, ku ja a hankali. Ku ajiye mota a inuwa, ku zubar kullum, ko da bai cika ba.

Zubarwa da wanki

A masai ake juyewa, na gida ko gidan wanka da bahaya na tasha, da izinin mai wurin. Ba a kwata ba, ba a gona ba, ba kusa da rijiya ba. Ledar bokiti kada a jefa ta cikin rami, tana wahalar da masu kwasa. Kada a zuba kananzir ko baƙin mai don kashe wari, suna cinye robar da ke toshe ƙofar tanki. Hypo ma yana busar da ita, kuma haɗa shi da wani maganin wanke banɗaki na iya tayar da iska mai shaƙe numfashi. Ruwa da sabulu sun wadatar, sai wanke hannu sosai.

In tafiya ta ƙare, a wanke, a shanya a inuwa, a shafa wa robar ɗan man zaitun don kada hunturu ya tsattsaga ta, a bar ƙofar a ɗan buɗe, a sa shi a buhu saboda ƙura. Robar nan ƙarama ce, amma samun madadinta a kasuwanninmu sai an tona, kuma ranar da ta tsage, mai tanki biyu bai fi bokiti ba.