Babbar Waya Mai Araha: Buhu Nawa Ta Ke Ci, Buhu Nawa Ta Ke Maidowa?

 Maganar da mu ke tafe da ita a wagga fitowa ba ta farashin gero da dawa ba ce, ko da ya ke can za ta ɓulle daga ƙarshe. Maganar wayar shafawa ce, wadda yara ke ce ma Android, musamman mai arahar cikinta. Tun daga nan Gehuru har rumfunan Jega da Aliero da Maiyama, da wuya mako ya wuce wani dattijo bai ja mu gefe ba ya ce, "Alhaji, kai da ka saya, in saya ko in bari?" To, ga amsa a rubuce, kowa ya duba ya auna da aljihunsa.

Mu kanmu mun daɗe muna ƙi. Mun yi zamanin da labarin kasuwar Dawanau ta Kano ba ya iso mu sai a bakin direba, ko a 'yar takardar ajami da anka naɗe anka ba yaron mota. Da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, daga baya sabis ya kawo wajenmu, munka sayi ƙarama mai madannai, munka ce mun gama. Tana kira, tana da tocila, cajinta kan kai kwana uku ko huɗu, in ta faɗi a ɗauka a kaɗe ƙura. Me kuma ɗan hatsi zai nema?

Abin da ya karya mana wanga taurin kai shi ne ƙarancin kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Banki ya canza takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kowa ya tuna. Ga kaya, ga mai saye, babu tsaba. Dole ciniki ya koma tiransifa. Wata ranar kasuwa wani baƙo mai tsabta da daɗin baki ya taya mana dawa buhu 12, munka sallama. Ya danne-danne wayarsa, sai ga saƙo ya faɗo a tamu ƙaramar. Mu karatun allo munka yi, boko ba mu tsinka ba sai lambobi, kuma lambobin sun cika daidai. Yaron da ke duba mana ya tafi cin abinci. Munka buga lambar duba asusu, sabis ya ƙi, ga 'yan dako tsaye, ga mai mota yana oda. Munka ce a loda. Washegari wurin mai POS munka tarar ko sisi bai shigo ba. Saƙon ƙarya ne, an rubuta shi da kamannin na banki. Maƙwabcinmu na rumfa, wanda shekarunsa ba su kai na ɗanmu na fari ba, ran nan sau biyu ya hana a ɗaga kayansa, domin shi ba saƙo ya ke dubawa ba, asusun ya ke buɗewa a babbar wayarsa ya ga abin da ke ciki da idonsa.

Kada a ce mun ce babbar waya ba ta ƙugewa. A watannin nan har manhajojin bankuna sun yi ta tsayawa, shi ya sa mutane da yawa sunka koma irin su OPay da Moniepoint da PalmPay. Amma dai mai ita yana da ƙofa biyu, mu kuwa ɗaya gare mu, kuma a kulle ta ke ran nan. Dawa buhu 12 ta sayi waya nawa? Ku lissafa.

A kakar shekarar nan munka sayar da gero buhu biyu, munka cika da 'yan canji, munka saya. Kuma nan ma mun yi kuskure, bari mu faɗa don wani ya tsira. Waya kayan waje ce. Tecno da itel da Infinix da sunka cika kasuwanninmu duk kamfani guda ke yin su, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, saboda haka farashinsu dala ya ke bi, balle tun da anka saki naira ta nemi darajarta a watan Yunin 2023. Hatsi kuwa damina ya ke bi da yawan abin da ya shigo kasuwa. Wanda ya sayi waya da kaka, lokacin da gero ke ƙasa, ya biya da buhu mai yawa. Wanda ya haƙura har tsakiyar damina ya biya da kaɗan. Mu da ke sayen hatsi da kaka mu ɓoye sai ya yi daraja, mu ne munka kwance sito a lokacin araha don marmarin waya. Kada a tambayi mai shago naira nawa kurum, a tambayi kai buhu nawa ke nan yau.

To, me ta tsinana mana tun da ta shigo aljihu?

Abu mafi girma ga irinmu shi ne saƙon murya na WhatsApp. Ba rubutu, ba karatu. Ka danna ka yi magana da Hausarka, abokin ciniki na Dawanau ko Illela ko Kamba ya ji lokacin da ya samu sarari, ya maido. Kira yana wucewa da iska, saƙon murya kuwa yana nan ajiye. Sau biyu gardama ta tashi tsakaninmu da masu sari kan farashin da anka tsaida, munka kunna muryar mutum a gaban shaidu, magana ta mutu nan take ba tare da an kai ga rantsuwa ba. Sai hoto. A da sai mun ɗaure samfur a leda mun ba direba, yanzu mu kan zuba wake a tafin hannu mu ɗauka mu aika. 'Yan albasa na Aliero sun riga mu gane wannan, domin kayansu ba ya jira, tun albasa na gona masu saye na kudu ke ganin girmanta. Har littafin bashinmu na ajami mu kan ɗauki hoton kowane shafi ran da ya cika, saboda ruwa da gara da gobara. Ana iya sa haruffan Larabci a madannan wayar, amma ba duka alamomin da mu ke rubuta Hausa da su ke ciki ba, don haka alƙalami da takarda sun fi mana sauri.

Sai labari. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage haraji na kwana 150 ga masu shigo da masara da alkama da wake da shinkafa samfarera daga waje. Waɗanda sunka ji da wuri sunka kuma fahimci inda iska ta dosa, sun rage abin da ke sito. Waɗanda sunka riƙe suna jiran tsadar bara ta dawo, sun ga yadda farashin hatsi ya yi ta sauka a 2025, wasu har uwar kuɗi ta taɓu. Ba mu ce waya ce ta ceci kowa ba, rediyo ma ta faɗa. Amma muryar ɗan'uwanka da ke tsaye cikin kasuwar yana ce maka, "Yau tirela kaza ta sauke, ba mai taya," ta fi labarun ƙarfe takwas.

Yanzu ga cinta, domin dabba ce mai ci kullum. Ƙaramar waya kati kurum ta sani. Wagga kuwa sai data, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarje ma kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Sa'an nan caji: in ana aiki da ita sosai kwana guda ta ke yi, a ƙauyen da wuta ba ta zama kuwa sai an kai ma mai caji an biya, ko a sayi ɗan faifan sola. Gilashinta in ya fashe, gyaransa kan ci kaso mai tsoka na kuɗin wayar, don haka a saya mata riga da abin kare gilashi tun a shagon. Amma babban ɓarawon data ba ciniki ba ne, bidiyo ne. Watanmu na fari data ta ƙare cikin kwana shida, munka yi ta zagin kamfani, ashe jikokinmu ne ke kallon Facebook da TikTok in mun tafi masallaci. Mu kanmu, gaskiya ɗaya ce, mun ɓata dare biyu uku kan damben gargajiya.

Wace za a saya? A nan ne araha ke yaudara. A jikin kwali akwai lambobi biyu. Ɗaya ita ce ƙwaƙwalwar aiki, ɗaya ma'ajiya. Ku ɗauka ta farko ita ce tabarmar bakin rumfa inda a ke baza kaya a auna, ta biyu kuwa sito ce. In tabarma ƙarama ce, kome girman sito ciniki ba ya sauri. Mai 2GB za ta buɗe WhatsApp, amma da an ƙara mata manhajar banki da hotuna sai ta riƙa tsayawa kamar jakin da anka labta ma kaya, mai saye na tsaye kai kana shafa gilashi kana gumi. A ganinmu kada a sauka ƙasa da 3GB, in da hali 4GB, sito kuwa 64GB, batir mai lamba 5000. A kuma lura da inda anka rubuta 4+4 ko 3+3. Lambar farko ce ta gaskiya, ta biyun aro ce daga sito, kamar mai awon da ya haɗa nauyin buhu da na hatsi. Tsakanin mafi arahar duka da wadda ke bi mata, bambancin bai kai wahalar ba. Ta hannu kuma, wadda a ke cewa 'yar Landan, ba mu hana ba, amma batirinta ya riga ya sha jiki, kuma in ba rasit ba a san ko ta sata ce ba. Mun san wanda ya kwana wurin 'yan sanda kan wayar da ya saya a tasha. A buɗe kwali a gabanka, a kunna, a gwada kira da caji, a karɓi rasit mai lambar waya a jiki.

Ga dillalai, 'yan'uwa, kada ranku ya ɓaci. Mun ji wasunku na cewa wayar nan ta zo cin la'adarku. Wanda abincinsa shi ne manomi bai san farashin Jega ba, mai sari kuma bai san na ƙauye ba, lalle wannan kasuwarsa ta tashi, domin yanzu yaron manomi kan ji farashi tun bai ɗaura ma amalanke shanu ba. Amma hoto ba ya cusa hannu gindin buhu ya taɓo yashi. Ba ya ciza ƙwayar masara ya ji ko ta bushe. Ba ya sansano hatsin da anka zuba ma magani ya wuce kima, ba ya kuma tsaya ma baƙo lamuni. Dillalin da munka fi aiki da shi yanzu shi ne wanda ya sayi wayar, ya kan zagaya kasuwa tun da hantsi ya aiko mana murya da hoto, in ya ce kaya na da kyau mu tura kuɗi muna daga gida. La'adarsa ba ta ragu ba, masu nemansa ma sunka ƙaru.

Saura tsaro, kuma wanga shi ne inda a ke yin kuka. Layin da ke haɗe da asusunka shi ne mabuɗin sitonka. Tun Disamban 2020 anka wajabta haɗa layi da lambar NIN, saboda haka ya zama da sunanka anka yi rajistarsa, ba da sunan yaron shago ba. A sa ma layin kansa lambar sirri, ba wayar kaɗai ba, domin ɓarawo kan cire layin ya sa a wata waya ya kwashe kuɗi. Duk wanda ya kira ya ce daga banki ya ke, a karanto masa lambar BVN ko lambar da anka turo yanzu, a kashe waya. In yaro ne ke taya ka dannawa, ya danna kome amma lambar sirri kai za ka sa da yatsanka, ko da ɗan cikinka ne. Ba zargi ba ne, yaro yana da abokai.

Wanda cinikinsa tiya biyar ne tiya goma, kuɗi hannu da hannu, masu sayensa duk 'yan gari, ba mu ga dalilin da zai karya jari ba, ƙaramarsa ta ishe shi. Wanda ke loda mota, ko ya ke karɓar tiransifa a kowace kasuwa, ko ya ke da abokin ciniki a garin da ba ya zuwa, wannan ya saya, ya sayi matsakaiciya, ya kuma jira lokacin da buhu ke da daraja.

Amma kada a yar da ƙaramar, kada kuma a yar da littafi. A watan Satumban 2021 an rufe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya da wasu sassan Sakkwato da Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, maƙwabtanmu sunka yi makonni babu kira babu tiransifa, wanda lissafinsa duk ke cikin waya ya rasa ta kamawa. Mu yanzu biyu mu ke ɗauka: babbar a aljihun ciki, ƙaramar a aljihun gaba, ita mu ke fitarwa a cikin cunkoso. Wanda ke son a duba masa lambobin kwali kafin ya biya, ya same mu a rumfa ran kasuwar Jega bayan azahar, in awo ya lafa.