Ƙwan kaza, ɓera da dafin maciji

A 1938 gwamnatin Mussolini ta hana Yahudawa aiki a jami'o'in Italiya, dokar ta ritsa da wata likita 'yar birnin Turin, Rita Levi-Montalcini. Ba ta zauna tana tagumi ba. Ɗakin kwananta ta mai da wurin bincike, ta wasa allurar ɗinki ta zama wuƙar fiɗa, tana fasa ƙwai tana duban yadda jijiyoyin ɗan tsako ke tofowa. Da ruwan bama-bamai ya kori iyalinta ƙauye, sai ta riƙa bin gidajen manoma a keke tana neman ƙwai. In ta gama dubawa, a soya a ci, lokacin yaƙi ne.

A 1947 ta koma St. Louis a Amurka. Can ta lura cewa in an dasa wa ɗan tsako ƙarin jikin ɓera, jijiyoyi kan yi dafifi zuwa wajensa. Lallai wani abu ke kiransu.

Kowane manomi ya san dafin maciji da kisa. To, a 1956 abokin aikinta Stanley Cohen ya zuba dafin ne kawai don ya tace sinadarin da ke kiran jijiyoyin, sai jijiyoyi suka yi tofon da ba a taɓa gani ba. Ashe dafin maƙare yake da abin da suke nema, furotin mai raya jijiya, NGF. Sun karɓi kyautar Nobel a 1986.

Nan aka sa rai an samu maganin cutar mantuwa. Ina! Furotin ɗin ba ya iya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, in an zuba shi cikin ƙwaƙwalwar kuma yakan jawo ciwo. Gwajin da aka yi kan masu cutar mantuwa ta Alzheimer bai hana mantuwa ba.

Maganar ta shafe mu. Gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum a 2010, wasu da suka tsira ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, kuma bincike ya nuna dalma na rage BDNF, ɗan'uwan NGF.

Rita ta rasu a 2012 tana da shekara 103. A 2018 Amurka ta amince da maganin NGF na farko a ƙasar, Oxervate, kuma na ɗigawa a ido ne.