Masu Ganin Launin Haruffa

A 1980 wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Richard Cytowic, ya je cin abincin dare a gidan maƙwabcinsa. Mai gidan ya ɗanɗana miyar kaza, sai ya hau ba da haƙuri, wai ba ta yi tsini ba, a mulmule ta fito. Ba azancin magana yake yi ba. Duk abin da ya sa a baki, siffarsa yake ji a tafin hannunsa.

Masana na kiran wannan hali sinestiziya: abu ya shigo ta kafa ɗaya, kamar kunne ko harshe, ya tayar da wata kafar da ba a taɓa ba. Wani idan ya ji kiɗa, launuka yake gani. Wani kuma kowane harafi da launinsa a wurinsa, kamar marubucin nan Vladimir Nabokov. Tun a 1812 likita Bajamushe, Georg Sachs, ya rubuta yadda abin yake a kansa, amma aka daɗe ana ɗaukar masu faɗin haka a matsayin masu shaci-faɗi.

Gwajin da ya wanke su ba shi da wuya. A 1987 Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa a Ingila suka fito da shi: a karanta wa mutum jerin kalmomi ya faɗi launin kowacce, a ƙyale shi, a dawo bayan makonni ko watanni ba tare da sanarwa ba. Mai ƙirƙira sai ya rikice, mai halin kuwa amsarsa ba ta sauyawa. Binciken Julia Simner na 2006 ya gano kusan mutum 4 cikin 100 suna da wani nau'insa, wato ajin yara 50 da wuya a rasa ɗaya ko biyu. Yana bin jini, kuma ba cuta ba ne. Wasu masana biyu, Ramachandran da Hubbard, sun danganta ganin launin haruffa da maƙwabtakar sashen gane haruffa da na gane launi a ƙwaƙwalwa, har saƙo ke tsallakawa tsakaninsu.

Sauranmu ma muna da ɗan rabonmu. Su biyun nan sun nuna wa mutane zane mai tsini da mai mulmule, suka ce wanne ne "kiki", wanne ne "buba"; kusan kowa mai tsinin ya ba "kiki". Bahaushe kuwa kullum yana cewa murya mai zaƙi, magana mai ɗaci, baƙar magana, kuma ba wanda ke neman a yi masa fassara. Bambancin shi ne mu mun san ba zuma a muryar. Shi mai halin da gaske yake gani ko ɗanɗanawa.

Don haka idan yaro ya ce Talata koriya ce, ko lamba bakwai ja ce, kada a yi saurin kiran mai ruƙiyya ko a ce ƙarya yake. A rubuta abin da ya faɗa, a sake tambayarsa bayan Sallah.