Daga Ramin Dara Zuwa Gilashin Waya: Wa Ke Ƙera Wasannin da Yaranmu Ke Bugawa?

A unguwarmu nan Matameye akwai wata rumfar kwano mai talabijin biyu da na'urar PlayStation, da ɗan janareto a bayanta. Yaro zai miƙa dala ashirin, a ba shi abin latsawa, ya zama Real Madrid na minti goma. Taku kaɗan daga nan, a gindin dogon yaro, dattawa ne ke kasa dara, wannan da tsinkaye, wancan da duwatsu. Na shekara ina wucewa tsakanin wuraren biyu ban taɓa haɗa su a raina ba, sai ranar da ɗan ƙanwata, mai shekara 16, ya tare ni da tambaya: "Kawu, wai su wa ke yin waɗannan wasannin? Kuma da me suke cin abinci, tunda a waya kyauta muke samu?"

Amsar rabin farko tana gindin dogon yaron nan. Dubi dara da kyau. Rami 30 ne, layi biyar a jere shida, kowa da 'ya'ya 12. Lokacin kasawa ba a yarda ka jera uku ba. In an gama, taku ɗaya kake yi, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Ka jera uku, ka ci ɗan abokin wasanka guda. Ka jera huɗu, ba ka ci komai ba. Wani ne ya zauna ya yanke waɗannan dokoki, wasu suka gwada, suka ga inda wasan ke lalacewa, suka gyara. Da an bar mutum ya jera uku tun wajen kasawa, da mai fara sawa ne kullum zai fi samun galaba, da tuni an watsar da ita. Wannan aiki, na auna doka har wasa ya yi daɗi kuma ya yi adalci, shi ne zuciyar sana'ar da ake kira tsara wasan bidiyo. Zane da kiɗa da rubutun umarnin kwamfuta duk riguna ne da ake sa masa daga baya.

Masu sana'ar kan fara da tambaya guda: mene ne ɗan abin da mai wasa zai yi ta maimaitawa ba tare da ya gundura ba? A Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro a Mosko a 1984, juya tubali ne ka cike layi. Shi ke nan. Yau shekara 40 da ɗoriya ana bugawa. Wanda ya samu wannan ɗan abin ya samu wasa, wanda bai samu ba ko ya zana aljannar duniya yara za su goge ta su sa wani.

Manyan wasannin ƙwallo da na harbi da ake bugawa a rumfar nan, ɗaruruwan ma'aikata ne ke yinsu a kamfanonin Amurka da Japan da Turai. Amma akwai wani ɓangare na masu cin gashin kansu, mutum ɗaya ko biyu ko biyar, ba uban gida. Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin shi kaɗai ya fara Minecraft a 2009. A 2014 Microsoft ta sayi kamfaninsa dalar Amurka biliyan 2.5. Eric Barone ya kwashe sama da shekara huɗu yana yin Stardew Valley, wasan noma da kiwo, zane da kiɗa da labari duk da hannunsa, ya fito da shi a 2016. Nakan yi wa ɗan ƙanwata nuni da wannan na biyun, don wasa ne na shuka da ban ruwa da kai kaya kasuwa, abin da kowane mai fadamar rake a ƙasar Kantche ya fi Barone sani. Sai dai ban ɓoye masa ba: kowane ɗaya irin waɗannan da ya yi suna, akwai dubbai da suka fito ba wanda ya waiwaye su.

A Nijar ma an yi. Wani matashi mai zane a Yamai, Mahaman Sani Housseyni Issa, ya kafa MOGMedia Design, ya fitar da Les Héros du Sahel, wasan waya wanda gwarzonsa Shamsu ke samun ƙarfi daga rana. A Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, bayan sun tara jari ta hanyar sayar wa ƙananan masu zuba kuɗi hannun jari. A Legas, Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012, kuma cikin wasanninsu akwai mai suna Aboki Run. Sunan ya tsaya mini a rai. Kalmarmu ce, amma wasu ne suka ɗauke ta suka yi wasa da ita. In ba mu zana kanmu ba, wani zai zana mu yadda ya hango mu daga nesa.

To, da me suke cin abinci? Nan ne gizo ke saƙar. Hanya ta farko ita ce a sayar da wasan kai tsaye, kamar a kasuwar Steam, inda ake biyan dalar Amurka 100 kafin a kafa wasa, kuma kasuwar ta riƙe kashi 30 cikin ɗari na ciniki. Ta biyu ita ce talla: wasan kyauta ne, amma duk tallar da ta gilma ana ba wanda ya ƙera wasan ɗan wani abu. Ta uku ita ce ta Free Fire da ire-irensa: shiga kyauta, amma riga da makami da lu'ulu'u na kuɗi ne.

Yanzu ɗora waɗannan hanyoyi uku kan Matameye ka ga yadda kowace ke tuntuɓe. Saye a kasuwar intanet yana son katin banki, mu kuwa kuɗinmu ta Nita da Amana da Airtel Money suke yawo, ko hannu da hannu. Talla kuma ba ta fitowa sai waya na kan intanet, alhali yaranmu ta Xender suke tura wa juna wasa, su buga shi da data a kashe don kada mega ta ƙare. Wasa zai iya zagaye garin nan kaf, daga tasha har bakin Dan Barto, mai shi bai ga ko dala ba. Ko da tallar ta fito, abin da ake biya kan idon mai kallo a nan bai kai na mai kallo a Amurka ko Faransa ba, don masu talla aljihu suke bi. Ga kuma wuta. Kowa ya tuna yadda aka sha duhu bayan Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023, ba a maido ba sai Maris na 2024. Mai aikin kwamfuta da ba shi da faifan sola, ranar aikinsa a hannun wani take.

Shi ya sa da yawa daga masu wannan sana'a a Afirka suke rayuwa da hanya ta huɗu: aikin kwangila. Kamfanin Leti Arts, wanda Eyram Tawia na Gana da Wesley Kirinya na Kenya suka kafa a 2009, ya sha yi wa ƙungiyoyi wasannin wayar da kai, ana biyansa, yana kuma yin nasa a gefe. A ganina wannan ce ƙofar da ta fi kusa da mu. Wasan da zai koya wa ɗan aji ɗaya haruffan Hausa, ko ya nuna wa manomi lokacin sa taki, akwai mai iya biyan kuɗinsa tun kafin a fara.

Kayan aikin kuwa ba su ne matsala ba. Godot, manhajar ƙera wasa da wasu 'yan Ajantina suka saki kyauta a 2014, ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta na ɗaukarta, har akwai ta Android. Scratch na yara ma kyauta ne. Rajistar mai ƙera wasa a Google Play dalar Amurka 25 ce sau ɗaya, kimanin jika 15, sannan sabon mai rajista sai ya samo mutum 12 sun gwada wasansa kwana 14 kafin a bar shi ya fito fili. Mutum 12 masu gwaji ba abin nema ba ne a garin da kowace fada ta shayi ta fi haka yawa.

Da ɗan ƙanwata ya ce shi wasan kokawa zai yi, da filin Damagaram da makaɗa da takobi da komai, na ce masa ya dakata. Motsin jikin 'yan kokawa biyu aiki ne na gwanaye masu yawa. Na kai shi gindin dogon yaro, na gaida dattawa, na ce, "Baba, ga jikanku ya zo koyon dara." Sati uku yana zama yana rubuta dokoki a littafin lakwal, har da inda suka saɓa wa juna, don wani tsoho ya ce a garinsu ba haka ake ci ba. Yanzu yana da allo mai rami 30 a tsohuwar kwamfutata, 'ya'yan na motsi, ko da yake har yau na'urar ba ta gane an jera uku ba in a tsaye suke.

Ina roƙon malaman lisafi da na kwamfuta na Matameye da Kantche, da ɗaliban Jami'ar André Salifou da ke zuwa hutu gida: ku ware yammacin Asabar guda ku zauna da irin waɗannan yara. Kwamfuta ɗaya da faifan sola ɗaya sun isa a fara.